Ƙugiyar da na ɗora wa a-kori-kurata

Ciwon baya ne ya sa na saka wa a-kori-kurata ƙugiyar ɗaga kaya. Shekara da shekaru ina ciccibar injina da janareta da hannu, har jiki ya ce ya gaji.

Wajen saye na kusa yin kuskure. Na ga an rubuta kilo 450 a jikinta, na ce shi ke nan. Ashe wannan nauyin sai hannun ƙugiyar yana a takure. Da zarar ka miƙe shi har ƙarshe, abin da za ta iya ɗagawa ya ragu sosai. Ga kuma nauyinta ita kanta, wanda ke cin wani kaso na lodin motar.

Ɗaurin ne ya fi ba ni wahala. Ƙarfen bayan motar siriri ne. Gwajin farko da muka yi, ina kallo ya fara lanƙwasa a gindin ƙugiyar, gabana ya faɗi. Dole muka kwance, mai walda ya yanko faranti mai kauri, muka sa sama da ƙasa, aka haɗa shi da shasin motar da manyan notoci. Kafin kowace huda sai na shiga ƙarƙashi da tocila, don tankin mai da bututun birki suna nan kusa.

Na ƙara ƙafar tokare a gefe, saboda motar tana karkata idan kaya ya lilo waje. Fiyus ɗin wayar da ke kai wa ƙugiyar wuta kuma na sa shi dab da batir.

Jiya ni kaɗai na loda injin, alhamdulillahi.