Gyaran CV a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Mu uku ne a kamfaninmu, kuma aikinmu iri biyu ne: mu gyara wa masu neman aiki CV, mu kuma rubuta wa ƙananan kamfanoni sanarwar gurbin aiki idan za su ɗauki ma'aikata. Na daɗe a wannan sana'a kafin kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yi wa mutum rubutu, a ƙarshen Nuwamban 2022. Ba a yi watanni ba sai ga kwastomomi suna zuwa da takardun da manhajar ta rubuta musu, suna cewa in ɗan duba kawai. Gabana ya faɗi, na ɗauka kasuwarmu ta watse. Ba ta watse ba, amma aikin ya sauya kama. A da rubutu ne ke cinye mini yini, yanzu kuwa tambaya ce.

Ba zan rage wa waɗannan manhajoji haƙƙinsu ba. ChatGPT, da Gemini na Google, da Claude, da Copilot na Microsoft, duk muna aiki da su. Suna gyara nahawu cikin ƙiftawar ido, suna matse shafi huɗu ya koma biyu, kuma idan ka ba su sanarwar aiki tare da CV, za su nuna maka kalmomin da kamfani ke nema waɗanda babu su a takardar. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin a manyan kamfanoni takardarka takan fara shiga manhajar tantance masu neman aiki, irin su Workday ko Greenhouse, kafin idon mutum ya kai gare ta. Manhajar na tsinto suna, da makaranta, da wuraren aiki, ta jera su, mai ɗaukar aiki kuma ya bincika da kalmomin da yake so. Shi ya sa nake hana kwastomomina kwalliyar da ta wuce kima. Shafin da aka raba gida biyu, ko rubutun da aka cusa cikin zane, ko takardar da aka ɗauka hoto da waya, duk suna iya rikita manhajar ta karanta su a hargitse.

Inda gizo ke saƙar shi ne, manhaja irin ChatGPT ba ta san abin da ka yi a rayuwarka ba, kuma idan ba ka hana ta ba, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Wani matashi ya zo mini, ya yi shekara huɗu yana kula da sito. A takardar da ya kawo an rubuta cewa ya rage asarar kaya da kashi 30 cikin 100. Na ce, "Malam, yaya aka yi ka auna wannan?" Ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiya yallaɓai, ita ta saka, ni kuma na ga ya yi kyau." Na ce masa ranar intabiyu wannan layin za a fara tambayarsa, kuma idan ya kasa kare shi, hatta gaskiyar da ke cikin takardar za ta zama abin zargi.

Muka zauna kusan awa guda ina tambayarsa. Mutum nawa ke ƙarƙashinka? Me ka tarar da ka zo? Me ka canza? Ashe shi ne ya ɓullo da ƙidayar kaya duk ƙarshen mako, bayan a da sai wata ya ƙare ake yi, kuma ya koya wa sababbin ma'aikata biyar aikin. Bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Yawancin mutane haka suke, abin da suka fi iyawa shi suke rainawa, domin ya zame musu jiki. Sai da na tattara waɗannan bayanai sannan na ba manhajar, na gindaya mata sharaɗi: kada ta ƙara adadi, ko muƙami, ko ƙwarewar da ban ba ta ba. Duk da haka sai da na bi abin da ta fitar layi bayan layi, domin takan kumbura magana, "na taimaka" ya koma "na jagoranta".

A ɓangaren masu kamfani ma ciwon ɗaya ne. Ka ce wa manhaja ta rubuta sanarwar neman akawu, za ta jero maka sharuɗɗa rututu, har da waɗanda aikin ba ya buƙata, sai mutanen kirki su gani su ja da baya. Nakan tambayi mai kamfani abu uku da wanda za a ɗauka zai yi a watansa na farko. Abin da ya zama dole mu ware shi daban da wanda ake so kawai. Nakan kuma matsa a faɗi albashi da lokutan aiki, ko da mai kamfani ba ya so, domin ɓoye su ɓata lokacin kowa ne. Bayan haka manhajar na da amfani sosai: nakan sa ta duba ko akwai kalmar da za ta kori mata, ko masu shekaru, ko masu naƙasa, ba da niyyarmu ba.

Amma ban yarda a miƙa mata zaɓen mutane ba. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance CV da ya gina, bayan an gano tana rage wa takardun mata maki. An horar da ita ne da takardun shekara goma, waɗanda mafi yawansu na maza ne, sai ta ɗauki wannan a matsayin ma'auni. Hukumomi ma sun farga. Birnin New York ya fara aiki da doka a Yulin 2023 mai tilasta a bincika ko irin waɗannan manhajoji na nuna bambanci, dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira kuma ta sanya su cikin rukunin masu babban haɗari.

Akwai kuma batun amana. CV na ɗauke da suna, da lambar waya, da adireshi, wani lokaci har da ranar haihuwa. Ƙa'ida ce a wajenmu: kafin mu saka takardar kowa a manhaja, sai mun goge waɗannan, kuma sai mun sanar da mai ita. In ya ce bai yarda ba, da hannu za mu yi.

Matakin ƙarshe ba ya buƙatar kwamfuta. Kafin in miƙa wa kwastoma takardarsa, nakan sa ya karanta mini ita da babbar murya, in tsayar da shi a kowane layi ya ba ni misali. Layin da ya kasa bayyanawa da bakinsa, a nan take muke goge shi.