Shekarar 1324 a kan tabarmarmu

Jiya bayan sallar isha'i 'yata ta ce min, "Baba, lokacin da Mansa Musa ya tafi Makka, sauran mutanen duniya me suke yi?" Wallahi tambayar ta ratsa ni. Muka shimfiɗa taswira a kan tabarma, muka danne gefenta da kofin shayi, muka tsaya a shekara ɗaya tak, 1324.

A shekarar ce ayarin Mansa Musa, sarkin daular Mali, ya yada zango a Alƙahira, zamanin Sultan An-Nasir Muhammad, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Can Sin kuwa, ƙarƙashin mulkin Mongol, da kuɗin takarda ake ciniki. Nan ta ware ido, sai da na maimaita mata sau biyu. Marco Polo, matafiyin nan Bature da ya je Sin, ya mutu a Benis ta ƙasar Italiya cikin Janairu. Ibn Battuta, wanda daga baya ya shahara da yawon duniya, yana gida Tanja ta ƙasar Maroko, saurayi ɗan shekara 20, sai a 1325 ya ɗaura niyyar Hajji.

Ya dame ni ƙwarai da aka koya mana kowace daula ita kaɗai, kamar ba rana ɗaya ke fito musu ba. Yatsanta na kan Mali har barci ya kwashe ta.