Fiyus ya ƙone sau biyu? Ajiye wayar nan

Jiya da hantsi a garejinmu a Gombe na hango wani yaro mai koyon wayarin ya dunƙule a ƙarƙashin sitiyarin wata Hilux yana fere waya da haƙori. Fiyus ya ƙone, ya sa sabo ya sake ƙonewa, shi ne zai murɗa waya ya cusa a gurbin. Na daka masa tsawa. Ya ɗago ya ce, "Oga, ai kowa haka yake yi." Da gaskiyarsa. Ni ma na yi.

Ina da ƙuruciya lokacin, hannuna ya fara faɗawa, kaina kuma ya fi hannun girma. Wani Alhaji mai gona can bayan Dukku ya ɗauke ni in raka shi da damina, don Hilux ɗinsa tana masa wasa da wuta. Wanda ya san hanyoyin gonakin nan ya san gargada da taɓo da ketare rafi. Dab da magariba fitilun gaba suka ɗauke. Na buɗe akwatin fiyus, na tarar shuɗin nan mai lamba 15 ya tsinke. Na zaro wani irinsa na sa, ya ce ƙas, ya bi ɗan'uwansa.

A nan ya kamata in tsaya. Fiyus biyu a jere galibi ma'anarsa waya mai wuta tana taɓa bodi a wani wuri, kuma na san haka sarai. Amma hadari ya haɗo daga gabas, ga Alhaji a kaina yana cewa, "Yaro, kai fa aka ce mini ka iya." Na yanko waya mai kauri na ɗaure wurin. Fitila ta kama, Alhaji har da sa mini albarka. Ba mu yi nisa ba warin roba ya cika motar, hayaƙi ya fara tasowa ta ƙarƙashin dashbod. Kafin in lalubo sifana mai lamba 10 a cikin duhu in kwance kan batir, wayoyin sun narke sun manne da juna. A ƙauye muka kwana.

Da gari ya waye na gano abin. Wani ne ya ɗaura wa motar ƙarin fitilun daji, ya jona su a layin fitilun gaba ba rile (makunnin da ke ɗaukar nauyin wuta) ba fiyus, ya zura wayar ta hudar ƙarfe ba tare da roba ba. Gargada ta yi ta goga ta har ta cinye rigarta. Ba ni na ɗaura ba, wannan kam a rubuta. Kuma ogan da ya koya mini aiki da takardar sigari mai ƙyalli yake ɗaure fiyus, ban taɓa ganin mota ta ƙone a hannunsa ba. Sannan wa zai sayar maka da fiyus a dajin nan da dare? Duk na faɗa wa kaina wannan shekara da shekaru. Amma da na haska tocila na bi wayar, da na zare ta na naɗe da salatif mun wuce. Tsoron a ce ban iya ba ne ya hana ni cewa, "Alhaji, a ba ni lokaci." Har yau muna gaisawa in mun haɗu, sai dai motarsa ba ta sake shigowa garejinmu ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ƙannena, amma na san ba karantawa za ku yi ba. Fiyus waya yake karewa, shi ya sa ba a ƙara masa lamba. Ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, abin da ka cire shi za ka mayar. In ya sake ƙonewa, kashe ko zare duk abin da ke kan layin, ka jona ƙwan fitila a gurbin fiyus ɗin. Muddin ƙwan yana ci da haske sosai, wayar tana taɓa bodi. Bi ta kana girgizawa, inda ƙwan ya mutu nan ciwon yake. Fara da duk abin da wani ya ƙara wa motar bayan ta baro kamfani.

Motar daji kuma, kafin ka ce kik mai tayar da inji ya mutu ko alternato ba ya caji, duba wayar at, wadda ta tashi daga batir zuwa bodi da inji. Taɓo da ruwa suna cin ta da tsatsa. Na sha ganin an sayi sabon batir alhali goge kan batir da sanfefa kawai ake bukata. Sa mitar auna wuta: batir mai lafiya wajen volt 12.6 yake nunawa in mota tana kashe, in inji yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Ku daina cire kan batir inji yana aiki wai gwajin caji. Mun yi a kan tsofaffin Peugeot 504 mun sha, amma motocin yanzu ƙwaƙwalwar kwamfuta gare su, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin aljihunka. Ku kuma yanzu sai ku jona na'urar gwajin mota, ta rubuto lambar matsala, ku koma wayar hannu kuna kallon bidiyo, ba wanda zai kwanta a ƙasa ya ɓata riga.

Kada ka ɗaure fiyus da waya, ko wa ya tsaya a kanka. To, in kana daji da mai naƙuda a bayan mota fa? Ciri fiyus ɗin rediyo ko na AC in lambarsu ɗaya da wanda ya ƙone. In babu, sili ɗaya siriri na waya, bayan ka nemi inda take taɓawa, kan batir a sassauce, sifana a cinyarka. Ban ce ka yi ba. In za ka kwance batir, fara da kan maines, mai alamar (-). Kuma ka sayi fakitin fiyus ka jefa a akwatin kayan aikinka, bai kai kuɗin datar da kake ƙonawa a TikTok ba.