Daggorath: na share hawa biyu, ina bakin na uku

'Yan'uwa masu fama da wannan kogo, assalamu alaikum. Ga inda aka kwana. Hawa na ɗaya da na biyu na wasan kwamfutar nan Dungeons of Daggorath sun zama gida, zobban tsafi biyu suna hannu, kuma na leƙa hawa na uku na dawo da gudu. Kafin in sake sauka, bari in ajiye muku abin da na tara, musamman ku da kuka shigo cikinmu kwanan nan daga Makka da Madina.

Ga wanda bai san asalinsa ba, wasan ya fito a 1982 a Amurka. Wani ƙaramin kamfani mai suna DynaMicro ne ya rubuta shi, Tandy ya sayar da shi don kwamfutarsa TRS-80 Color Computer. Duk wasan, da hawa biyar ɗinsa da dodanninsa da sautinsa, an cusa shi cikin kilobait 8. Hoton gaisuwar Juma'a da ake turo mana a WhatsApp ya ninka shi girma sau da yawa. Ni da XRoar nake kunna shi, manhajar da ke kwaikwayon waccan tsohuwar kwamfuta. VCC ma tana yi a kan Windows.

Kada ku wahalar da kanku a waya. Komai a wasan nan da rubutu ake yin sa, kuma dodanni ba sa jiran ka gama. Kibod na gaske ake so, ko na hannu ne daga Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta Jidda. Kuma tunda kibod ɗinmu na nan Jidda harshe biyu gare su, a tabbata an mayar da shi Turanci kafin a fara, don wasan bai san Larabci ba.

Za ka farka cikin duhu, jakarka ɗauke da fitilar itace da takobin katako. P L T zai ciro fitilar zuwa hannun hagu, U L ya kunna ta, P R SW ya ba ka takobi a dama. Daga nan M tafiya gaba, T L da T R juyawa, T A juya baya gaba ɗaya, A R sara da dama. Ku maimaita waɗannan har yatsu su daina tambayar ƙwaƙwalwa.

Abin da ya sa nake ganin wasan nan ya fi da yawa daga cikin 'yan zamaninsa shi ne zuciya. Babu wata lamba da ke nuna maka saura nawa ka mutu. Wata 'yar zuciya ce a tsakiyar allo take bugawa, kana jin ta. Ka yi gudu, ta ƙara sauri. Ka kai sara, ta ƙara. Aka buge ka, ta ƙara. Ka ɗauki kaya da yawa, kowane taku ya fi gajiyar da kai. Idan ta wuce iyaka sai allo ya dushe, ka suma, dodo kuma yana tsaye a kanka. Ashe mutum na iya kashe kansa da yawan sara ba tare da an taɓa shi ba. Babban maganinta shi ne ka tsaya ka huta har ta lafa. Shi ya sa faɗa a nan yake da tsari: sara biyu ko uku, ka matsa, ka juyo, ka jira shi ya biyo ka.

Sai kunne. Kowane dodo da kukansa, kuma kukan yana ƙara ƙarfi yayin da yake matsowa. Kububuwa tana da nata kaɗawar, basamude yana da gurnani, bardayen hawa na biyu ana jin ƙarar ƙarfensu tun daga nesa. Kafin ka ga komai a cikin waɗancan 'yan layukan zane, kunne ya riga ya faɗa maka ko ka tsaya ko ka cika wa rigarka iska. Matsalarmu a garin nan na'urar sanyaya ɗaki ce, wadda ba ta yin shiru dare da rana. Ƙanena ya yi ta mamakin yadda abubuwa ke faɗo masa ba sallama, har sai da ya saƙala abin ji a kunne. Ni bayan sallar isha'i nake zama, idan gida ya yi tsit.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce tara shara. Yawancin dodannin nan kwaɗayi gare su. Idan suka shigo inda kake suka tarar da kaya a ƙasa, sai sun tsince su ɗaya bayan ɗaya kafin su waiwaye ka. To ka zubar da matattun fitilu, da tsohon takobi, da garkuwar fata, duk a wuri ɗaya, ka tsaya a kai. Yana tsinta, kana sara. Ya mutu, kayan su zube, tarkon ya sake ɗanuwa da kansa. Da haka na gama da basamudawan hawa na ɗaya da takobin katako. Wata dabarar kuma, dodo biyu ba sa tsayuwa a gida ɗaya. Idan ka yi ƙarfin da gizo-gizo ba ya iya cutar da kai, bar shi ya zauna tare da kai yana cizo, ya tare wa manyan hanya har ka huta.

Game da kaya, duk abin da ka tsinta sunan jinsinsa kawai yake nunawa, sai ka rubuta R L ko R R ya bayyana ainihinsa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai ƙarfinka ya kai. Ƙarfi kuwa da kashe dodanni ake samun sa, don haka babu amfanin gaggawar sauka. Kwalabe iri uku ne: Hale tana warkarwa, Thews tana ƙara ƙarfi, Abye guba ce. Kada a sha wadda ba a bayyana ba. Zoben Vulcan yana hawa na ɗaya, kalmarsa, wato wadda ake rubutawa don tayar da tsafinsa, FIRE. Na Rime yana na biyu, kalmarsa ICE. Sau uku kowanne yake aiki, daga nan ya koma zoben zinari marar amfani, saboda haka a ɓoye su.

Taswira ba ta canzawa daga wasa zuwa wasa. Na sayi littafin lissafi mai gida-gida a maktaba, wato shagon littattafai, ina zana lunguna da wuraren tsani da ramuka. Wani ɗan'uwanmu na Makka yana ganin ɓata lokaci ne tunda akwai takardar Vision da ke nuna taswira. Ban yarda ba. Takardar tana cinye hannu ɗaya, kuma yayin da kake kallon ta ba ka ganin abin da ke gabanka.

Hawa na uku ne ya tsayar da ni, saboda tarkon shara ba ya kama kowa a can. Kunama ba ta tsintar kaya, haka ma siffar matsafin da ke yawo a wurin, wato kwafin babban mugun wasan. Fitilar itace, mai minti 15, ba ta nuna kunamar da kyau, sai ta Lunar mai minti 30 ko ta Solar mai awa guda. Kuma wanda ya kashe siffar matsafin, nan take ake jefa shi hawa na huɗu, kayan jakarsa su salwanta. Shirin da nake yi shi ne in rage kunamun da bardayen tukuna, in kunna sabuwar fitila, in adana wasan da umarnin ZSAVE, sannan in tunkare shi da zobban. Wanda ya riga ya tsallake wurin a cikinku, ya faɗa mini abin da ya riƙe a hannu biyu lokacin bugun ƙarshe, don har yanzu ina kai-kawo tsakanin takobin ƙarfe da garkuwar tagulla.