Godiya Bayan Wasan Ƙarshe na Jennifer Jones a Kalgari

Alhamdulillahi, mun je mun dawo lafiya daga wasan ƙarshe na Scotties, gasar matan Kanada ta kalin, wato wasan tura dutse a kan ƙanƙara, wanda aka yi nan Kalgari ranar Lahadi 25 ga Fabrairun 2024. Akwai mutanen da ba zan iya yin shiru a kansu ba.

Ta farko maƙwabciyarmu ce, dattijuwar da 'yata ke kira Kaka. Ita ta fara kai yarinyar nan filin ƙanƙara, ta ba ta tsohuwar tsintsiyarta da ake share ƙanƙara da ita a gaban dutse, ta riƙe mata kafaɗa har ta iya durƙusawa ta saki dutse mai nauyin kusan kilo 20 ba tare da ta kife ba. Ita ce kuma ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da tikiti a hannu, ta ƙi karɓar ko sisi. Kaka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Sai Jennifer Jones, 'yar Winnipeg, wadda ta riga ta sanar cewa wannan ce Scotties ɗinta ta ƙarshe. Sau 6 tana cin kofin ƙasa: 2005, 2008, 2009, 2010, 2015 da 2018. Na farkon nan har yau ba a daina maganarsa ba. A birnin St. John's, ƙungiyar Ontario na gabanta da maki, dutse ɗaya ya rage mata, ta aika shi ya bugi wani da ke can gefe, ya karkato ya fitar da na abokan karawa daga tsakiyar da'irar da ake cin maki a cikinta, maki 4 suka faɗo mata, ta ci 8 da 6. Ta ɗauki kofin duniya a 2008 da 2018, a Sochi kuwa a 2014 ta ɗauko zinaren Olamfik, wasa 11 babu wanda ya doke ta. Duk da haka lauya ce, uwa ce.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tana da shekara 49 ta ja 'yan mata uku da ta kusa haifa har zuwa wasan ƙarshe. Abokiyar karawarta Rachel Homan ta yi nasara 5 da 4, kuma ta cancanta. Jones ta miƙa hannu ta gaisa da waɗanda suka doke ta, jama'a suka miƙe tsaye ana tafi ba ƙaƙƙautawa. Na waiga na ga 'yata na share hawaye da bakin gyalenta. Na gode, baiwar Allah, da kika bar yarinyata ta ga wannan da idonta.

Ban manta da masu gyaran ƙanƙara ba, masu tafiya da baya suna yayyafa ruwa ɗigo-ɗigo don dutse ya samu hanyar lanƙwasa. Ba a kiran sunansu a lasifika, amma ba don su ba da babu wasan. Haka 'yan sa-kai da suka tsaya cikin sanyi suna nuna mana ƙofa.

'Yan uwa na gida da kuka yi ta tambaya a WhatsApp ko shara ake yi, na gode da kulawa. Najeriya ma ta shiga hukumar kalin ta duniya tun 2018, sai ku fara bibiya.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.