Kwana sittin da bauca a aljihu

Shekara huɗu sunana ya yi a layin jiran tallafin kuɗin haya na gwamnatin Amurka, kuma saura ƙiris a share shi saboda sakacina. Da muka tashi daga ɗakin da muke ciki lokacin da na cike fom, na sanar da wurin aiki, na sanar da banki da makarantar yara. Hukumar gidaje kuwa ko a raina ba ta zo ba. Wata rana da dare uwargida tana jera takardu a tsohuwar jaka, sai ta ɗago kai ta ce, "Maigida, mutanen nan na gidaje sun san mun tashi kuwa?" Gari na wayewa na nufi ofishinsu. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta ce sun aika wasiƙa tsohon adireshi suna tambayar ko har yanzu muna so, kuma saura kwana shida wa'adin amsa ya cika.

Shirin da nake magana shi ne wanda kowa a Amurka yake kira Section 8, wato sashe na 8 na dokar gidaje ta 1937, wanda gyaran da aka yi a 1974 ya kawo tallafin haya a ƙarƙashinsa. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne ta hannun ma'aikatar gidaje ta HUD, amma hukumar gidaje ta yankinka ce take karɓar fom, take riƙe layi, take biya. Sharaɗin shi ne abin da gidanku yake samu kada ya wuce rabin matsakaicin samun mutanen yankin, kuma kashi 75 cikin 100 na sababbin da ake ɗauka dole su fito daga mafi ƙarancin samu. Ana kuma duba takardun zama a ƙasa na waɗanda za a ba tallafin. Cike fom kyauta ne. Duk wanda ya ce ka biya shi ya matsar da sunanka gaba, ɗan damfara ne.

Ranar da suka miƙo mini baucar, wato takardar shaidar za a taimaka mini da kuɗin haya, na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe takarda ce kawai mai wa'adi, tawa kwana 60, wanda shi ne mafi ƙarancin da ƙa'ida ta yarda a bayar. Gidan kai za ka nemo. Kai za ka biya kusan kashi 30 cikin 100 na samunka na wata bayan an cire abin da ake cirewa, kamar rangwamen yara, hukuma ta cika sauran kai tsaye ga mai gida. Idan lissafin ya tsaya a dala 2,000, naka 600 ke nan. Sai dai akwai iyakar abin da hukuma take biya gwargwadon yawan ɗakuna. Ka ɗauki gidan da ya haura iyakar, rarar a wuyanka take, kuma a shigar farko ba za su bari naka ya wuce kashi 40 ba.

Nan fa aka yi ta. A gida ana ce mini maigida, a waje ni ne mai bin masu gida ina lallashi. Sati biyu na farko ina buɗe baki a waya da maganar bauca, kafin in rufe an ce an riga an ba wani. Wasu jihohi da birane sun hana a kori mai neman haya saboda tallafi ne zai biya masa, wasu ba su hana ba, don haka ka fara binciken dokar inda kake. Na sauya dabara. Na riƙa zuwa ganin gida da fayil a hannu: takardun albashi, shaidar tsohon mai gidanmu cewa ban taɓa makara da haya ba, da lambar jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinmu. Sai mun zaga ɗakunan, mun ɗan saba, sannan in kawo zancen. Na lura yawancinsu ba mu suke gudu ba, jiran sifeton da hukuma take turowa ya duba gida kafin ta fara biya suke gudu, domin gidan zai zauna ba kuɗi har a zo a duba.

Wani ya yarda, amma ya ja ni gefe ya ce in riƙa ƙara masa wani abu duk wata a hannu, ba a rubuce ba. Wallahi na so in amsa, don kwana 41 sun tafi. Jami'ar ce ta taɓa gargaɗinmu cewa irin wannan ƙarin ya saɓa ƙa'ida kuma yana iya jawo a ƙwace baucar. Na bar gidan raina na ciwo, na rubuta takardar neman ƙarin wa'adi tun kafin na farko ya cika, suka ƙara mini.

Gidan da muka samu na wata dattijuwa ne, kuma ya faɗi a dubawar farko. Sifeto ya danna na'urar gano hayaƙi, shiru. Ya sa farce ya ɓamɓare fentin bakin taga, ya tambayi shekarun autarmu. Gidan da aka gina kafin 1978, idan akwai yaro ƙasa da shekara 6, ba sa wasa da fentin da ke ɓarewa saboda gubar dalma. Na tsorata kada matar ta fasa. Ranar Asabar na je na taya ta kwashe kaya, mai gyara ya yi aikinsa, aka sake dubawa, ya wuce.

Abin da ban shirya masa ba shi ne kuɗin ajiya na shiga gida. Bauca ba ta biyansa, sai da na ranta wurin wani abokin aiki, na yi wata biyar ina biya.

Yanzu duk shekara ana sake lissafin samunmu. Da aka ƙara mini albashi, a satin na kai musu takardar, rabona na haya ya ɗan hau. Jakar uwargida tana nan a saman firji, a bayan murfinta an manna adireshin hukumar da babban rubutu.