Na je Burasal kallon takarda ɗaya

Shekaranjiya na dawo daga Beljiyam, har yanzu mutumin nan mai tura tumbinsa a baro, da na gani a wani tsohon zane, bai bar idona ba.

Zanen Haɗama na Pieter Bruegel, mai zane na ƙarni na 16, ɗaya cikin bakwai da ya yi kan manyan zunubai a koyarwar Kirista, shi ne ya kai ni babban ɗakin karatu na ƙasar a Burasal. Ba a rataye irinsa a bango, don haske na cin takarda. Izini ake nema tun kafin a zo. Baiwar Allahn da ta fito mini da shi ta ara mini gilashin ƙara girma, ta ce, "Fara daga tsakiya."

Faɗinsa kusan santimita 30 ne kawai. Bruegel ya zana da alƙalami a 1557, Pieter van der Heyden ya sassaƙa a farantin jan ƙarfe, Hieronymus Cock ya buga a birnin Antwerp na Beljiyam a 1558. Tawada ake cusawa cikin tsagogin, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi a matse, shi ya sa dama ke komawa hagu. In farantin ya sha bugu, siraran layukan su ke fara dushewa. Masu zanen ƙwarya na gida za su gane aikin, sai dai in hannu ya goce a jan ƙarfe ana murje wurin, a ƙwarya kuwa sai haƙuri.

A tsakiya mace ce zaune kan alade, ta kafa kai a tulu. Wani na kelaya amai daga kan gada. Can baya ga injin niƙa mai fuskar mutum, baki wangale ana ta ɗura masa. Na zaci zan ga shaiɗanu da bulala, ashe abokan sha ne. A nan azabar take: a ci, a amayar, a koma, ba ƙoshi. Rubutun da ke ƙasan zanen na cewa wuce gona da iri kan mantar da mutum Allah da kansa. Hadisin kasa ciki uku ya faɗo mini: abinci, ruwa, numfashi.

Da na fito na sayi soyayyen dankali a ƙunshin takarda. Na juya kuɗin zuwa naira, na cinye har ɓurɓushi. Mai sayarwar ko sannu bai ce ba.

Washegari Antwerp a jirgin ƙasa, ƙasa da awa guda, ruwan sama wuni zubur.